Satar layi: yadda ake ƙwace lambar mutum alhali wayarsa tana aljihunsa

Waya tana aljihu, katin sim yana cikinta, babu wanda ya taɓa ta. Mai ita ya zaro zai yi kira, sai ya ga sandunan sabis sun ɓace, an rubuta a saman allo cewa kiran gaggawa kaɗai zai iya yi. Ya kashe ya kunna, shiru. Ya leƙa wayar na kusa da shi, kamfaninsu ɗaya, amma tasa cike take da sabis. A nan yawancin mutane kan ɗaga kafaɗa su ce matsalar netwok ce, an jima zai dawo. To, kafin an jiman ta zo an riga an sauya kalmar sirrin imel, an shiga asusun banki, an karɓe WhatsApp har an fara roƙon kuɗi wurin 'yan'uwa da sunan mai layin.

Ba za a gane yadda hakan ke yiwuwa ba sai an gyara wata fahimta da kusan kowa ke ɗauke da ita, cewa lambar waya a cikin sim take zaune. Abin da katin ke ɗauke da shi daban ne. Akwai doguwar lambar da aka buga a jikinsa, mai alƙaluma 19 ko 20, wadda ake kira ICCID. Akwai lambar shaidar mai layi, IMSI, wadda ba ta wuce alƙaluma 15. Sai kuma wani mabuɗin sirri da aka binne a cikin katin tun daga masana'anta, wanda da shi yake tabbatar wa turakun sadarwa cewa shi ne ba kwaikwayonsa ba. Ita kuwa lambar da mutane ke kiranka da ita, a rumbun bayanan kamfani take, an rubuta a gabanta cewa tana tare da kati kaza. Duk kira ko saƙon tes da ya taso, sai na'ura ta duba wannan rubutu sannan ta san inda za ta kai shi.

Idan ma'aikaci ya zauna gaban kwamfuta ya goge lambar tsohon kati ya sa ta sabo, aiki ya ƙare. Tsohon katin ya mutu a cikin wayarka, sabon ya tashi a wata wayar, wataƙila a wani gari mai nisa. Ba a fasa komai ba. Aiki ne da kamfanoni ke yi wa dubban mutane kullum bisa gaskiya, wanda waya ta ɓace masa, wanda katinsa ya lalace, wanda ya sayi wayar da ke son ƙaramin kati. Shi ne abin da wasu ke kira welkam-bak. Babu yadda za a yi a soke shi, domin ranar da aka sace maka waya kai ma shi za ka nema. Ɗan damfara kawai shiga rigarka yake yi ya je ya nemi a yi masa.

Wannan ne ya sa yawancin kariyar da mutane ke tinƙaho da ita ba ta taɓa wannan matsalar ko kaɗan. Makullin allo, zanen yatsa, manhajar kashe bairos, duk wayar suke tsarewa, ɓarawon layi kuwa bai da buƙatar wayarka. Har PIN ɗin sim, wanda ake yawan ba da shawararsa a wannan babi, bai hana musanya layi, domin yana kulle katin da ke hannunka ne, sabon katin kuwa da nasa PIN ɗin yake zuwa. Duk da haka a sa shi, don yana maganin wata satar mai kama da wannan: wanda ya fizge waya, ya kasa buɗe ta, ya zare sim ya sa a tasa ya ci gaba da karɓar saƙonninka. PIN ɗin alƙaluma 4 zuwa 8 ne. In aka yi kuskure sau 3 katin zai kulle sai da PUK mai alƙaluma 8, wanda ke jikin babban katin da aka ɓalle sim daga ciki, in kuma aka kuskure PUK sau 10 katin ya mutu har abada. Saboda haka wanda bai san PIN ɗin da katinsa ya zo da shi ba kada ya tsaya canki-canki, ya tambayi kamfani.

Ta ina suke shawo kan kamfanin?

Hanya mafi arha ita ce baki. A shekarar 2020 wasu masu bincike na Jami'ar Princeton suka fitar da sakamakon wani gwaji da ya kamata duk mai aikin sadarwa ya karanta. Sun buɗe layuka 50 a kamfanoni 5 na Amurka, goma-goma, sannan suka riƙa kiran sashen kula da abokan hulɗa suna neman a mayar da layin kan wani sabon kati. Sau 39 aka yi musu. A kamfanoni uku daga ciki ko sau ɗaya ba a hana su ba.

Dabarar da suka bi ta fi alƙaluman ban tsoro. In aka tambaye su PIN, da gangan sai su faɗi wanda ba daidai ba, su ce ai sun manta. Ma'aikaci, da yake an horar da shi ya taimaki abokin hulɗa, sai ya koma wata tambayar mai sauƙi: faɗi lambobi biyu da ka kira kwanan nan, ko faɗi kuɗin da ka sa a layin na ƙarshe. A ido tambayoyi ne da mai layi kaɗai zai iya amsawa. Amma a duba da kyau. In ɓarawo ya yi maka fulashin da lambobi biyu ka bi kiran don ka ji ko wane ne, ai ya san lambobi biyun da ka kira. In ya sayi kati kaɗan ya loda a layinka, kai kana murna wani ya yi kuskure, ai ya san adadin kuɗin ƙarshe da ranar da aka sa. Amsar ma shi ya ƙirƙire ta da hannunsa. Sauran tambayoyin, ranar haihuwa, adireshi, sunan mahaifiya, abubuwa ne da ke warwatse a Facebook ko a cikin bayanan da ake sacewa daga kamfanoni ana sayarwa. Kuma ɓarawo bai da asarar komai in aka ƙi shi, kashe wayar zai yi ya sake kira ya faɗa hannun wani ma'aikacin.

Akwai masu zuwa shago da ƙafarsu da katin shaida na jabu. Haka aka yi wa hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka. Ranar 9 ga Janairun 2024 shafinta na X (tsohuwar Twitter) ya wallafa cewa ta amince da wasu asusun zuba jari na bitcoin, farashin bitcoin ya yi sama da fiye da dala 1,000, da aka ƙaryata kuma ya faɗo da fiye da dala 2,000. Bincike ya nuna wani matashi ne a jihar Alabama ya buga katin shaida da hotonsa da sunan wanda lambar shafin ke hannunsa, ya shiga shagon waya aka ba shi sabon sim, ya sayi sabuwar waya ya sa, ya karɓi lambar sauya kalmar sirri ya tura wa abokan aikinsa. Hukumar da kanta ta amsa cewa an cire matakin tsaro na biyu daga shafin tun watan Yulin 2023 ba a mayar ba. A Mayun 2025 aka yanke wa matashin ɗaurin wata 14.

Sai hanyar da ta fi kowacce wuyar toshewa, domin da ɗan gari akan ci gari. Ma'aikacin shago ko wakilin kamfani mai ƙaramin albashi, wanda ke da ikon sauya kati a kwamfutarsa, ana iya sayensa, ko a yaudare shi ya ba da kalmar shigarsa. In abin ya biyo ta nan, babu wata tambaya da za a yi wa kowa.

Zuwan eSIM, wato sim ɗin da ke gine a cikin waya wanda ake saukar masa da layi ta intanet, ya rage wahalar zuwa shago ga mai gaskiya da ɓarawo baki ɗaya. Wanda ya samu shiga asusunka na manhajar kamfanin waya zai iya neman a mayar da layi kan eSIM, a turo masa hoton QR, ya ɗauka da kyamara, shi ke nan. Haka kuma tsarin ƙaura da lamba daga wani kamfani zuwa wani, wanda aka kawo don a ƙarfafa gasa. In aka fitar da lambarka ta wannan ƙofar dawo da ita ya fi ɗaukar lokaci, don yanzu kamfanoni biyu ne za su yi magana da juna.

Wani lokacin kuma mai layin ne da kansa ke miƙa wuya bai sani ba. A kira shi da murya mai ladabi a ce daga kamfani ne, za a ɗaga layinsa zuwa 5G ko za a rufe shi in bai sabunta rajista ba, ya karanto lambar da aka turo masa yanzu, ko ya danna 1. Wasu kuma sukan dame shi da kira babu ƙaƙƙautawa har ya gaji ya kashe wayar, don kada ya ga saƙon gargaɗi kuma kada ya lura da lokacin da sabis ya ɗauke. Dalilin da ya sa ake son yin aikin cikin dare ko daren hutun ƙarshen mako ke nan, lokacin da mai layi ke barci ofisoshi kuma suna rufe.

Me ke cikin lambar da ake wannan wahala a kanta?

An ƙirƙiri lambar waya ne don a kira mutum, amma sannu a hankali bankuna da shafukan intanet suka mai da ita katin shaida, saboda kowa yana da ita kuma tura tes ba shi da tsada. A nan akwai bambancin da ya kamata a riƙe da kyau, don a kansa duk maganar kariya ta ginu. Wani shafin yana amfani da tes a matsayin makulli na biyu: sai ka sa kalmar sirri daidai, sannan ya turo lamba. Wanda ya sace layi a nan rabin aiki ya yi, saura kalmar sirri. Wani shafin kuwa yana amfani da tes a matsayin hanyar ceto: ka danna "na manta kalmar sirri", ya turo lamba, ka sa sabuwa. A irin wannan, layin kaɗai ya isa, komai tsawon kalmar sirrinka. Masu binciken Princeton sun duba shafuka fiye da 140 da ke ba da tsaro ta waya, suka tarar 17 daga ciki ana iya ƙwace asusunsu da satar layi kawai. Vitalik Buterin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tsarin kuɗin kirifto na Ethereum, mutum ne da ba za a koya wa tsaron kwamfuta ba, amma a Satumbar 2023 ta wannan ƙofar aka shiga shafinsa na X aka damfari mabiyansa. Kafin shi, a Agustan 2019, an yi wa Jack Dorsey, a lokacin yana shugaban Twitter ɗin kanta.

Hukumar FBI ta ce daga Janairun 2018 zuwa Disambar 2020 ta karɓi ƙorafi 320 na satar layi, da asarar kusan dala miliyan 12. A 2021 kaɗai ƙorafin ya kai 1,611, asarar ta haura dala miliyan 68. Waɗanda suka kai ƙara ke nan a ƙasa ɗaya. Masu kuɗin kirifto ne aka fi yi wa mummunar ɓarna, don in kuɗin ya fita babu bankin da zai dawo da shi. Wani mai zuba jari, Michael Terpin, ya yi asarar kimanin dala miliyan 24 a Janairun 2018. Amma kada wannan ya sa mai ƙaramin asusu ya saki jiki. Inda ake tura kuɗi ko karɓar bashi ta danna lambobin USSD, layin shi ne bankin, abin da ya rage tsakanin ɓarawo da kuɗin PIN ne mai alƙaluma huɗu, wanda sau da yawa shekarar haihuwa ce.

Tun 2017 cibiyar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta sa tabbatarwa ta tes a jerin hanyoyin da ake amfani da su da taka-tsantsan. A shekarar ce ma aka kwashe kuɗin wasu mutane a Jamus ta hanyar karkatar da saƙonnin banki daga cikin tsohon tsarin SS7 da kamfanonin waya ke magana da juna da shi, ba tare da an musanya ko kati ɗaya ba.

Tunda mai layi ba shi da iko kan ma'aikacin da zai zauna gaban kwamfuta gobe, hankali ya fi kwanciya da a rage abin da lambar ke iya buɗewa, ta yadda ko an sace ta ɓarawo zai tarar da ɗaki babu kaya. Kuma da imel ake farawa, ba da banki ba. Imel shi ne uwa, duk sauran asusun can suke tura saƙon sauya kalmar sirri, a cikinsa kuma ɓarawo zai karanta sunan bankinka da duk inda ka yi rajista.

Tsarin aikin yana da muhimmanci, kada a cire lamba kafin a kafa abin da zai maye gurbinta. Da farko a saukar da manhajar samar da lambobi, irin su Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Shafin zai nuna hoton QR, manhajar ta ɗauka, a cikinsa akwai wani iri na sirri. Daga nan manhajar kan haɗa wannan iri da agogo ta fitar da lamba mai alƙaluma 6 da ke sauyawa duk daƙiƙa 30. Ba a turo ta daga ko'ina, ko babu sim ko babu data tana aiki, don haka satar layi ba ta shafe ta ba. In ka ga shafi yana ƙin lambar alhali daidai ka kwafa, yawanci agogon wayar ne ya kauce, a mai da shi kan saitin atomatik. Bayan haka a karɓi lambobin ko-ta-kwana. Google kan ba da guda 10, kowacce alƙaluma 8, kowacce sau ɗaya ake amfani da ita. A rubuta su a takarda a adana inda ake ajiye muhimman takardu, kada a ɗauke su hoto a bari a cikin wayar da ake tsoron ɓatanta. Sai an gwada an ga manhajar na aiki sannan a cire lambar waya, kuma a lura a wuri biyu take, a sashen mataki na biyu da kuma sashen dawo da asusu. Mutane da yawa kan kafa manhajar su bar tes a matsayin zaɓi na biyu, an gudu ba a tsira ba ke nan, domin ɓarawo zai danna "gwada wata hanya" ne kawai.

Wani ramin kuma shi ne ajiyar gajimare. Manhajojin nan yanzu suna iya adana lambobinka a asusunka na intanet don kada su ɓace in waya ta faɗa ruwa. Abu ne mai amfani, amma in wannan asusun da tes ake dawo da shi, an ɗaure akuya an miƙa wa kura igiyar.

Lambar manhaja ma tana da lago: in aka yi maka shafin jabu ka rubuta ta a ciki, ɓarawo na da daƙiƙa 30 ya yi amfani da ita, kuma sun isa. Abin da ya toshe wannan shi ne passkey, wato mabuɗin shiga da ke zaune a cikin na'urarka a madadin kalmar sirri, wanda Apple da Google da Microsoft suka sanar da mara wa baya tare a Mayun 2022, da kuma ɗan mabuɗin ƙarfe da ake sokawa a kwamfuta ko a kara a bayan waya, irin YubiKey. Waɗannan suna duba adireshin shafi da kansu, in na jabu ne ba za su amsa ba, kuma babu wata lamba da za a yaudare ka ka karanto. Mai dukiya a intanet ko mai riƙe da shafin hukuma ko na kasuwanci bai da hujjar rashin mallakarsa. Biyu ake saya a yi wa duka rajista, ɗaya a jiki ɗaya a ajiye.

Inda kuwa shafi ko banki bai ba da wani zaɓi ba sai tes, a bar shi a kunne. Makulli mai rauni ya fi ƙofa a buɗe, kuskure ne a ji wannan bayani a je a kashe shi gaba ɗaya.

WhatsApp lamarinsa daban ne, don shi lambar ce asusun, ba a iya cire ta. Abin da ya tanada shi ne PIN mai alƙaluma 6 a sashen tabbatarwa mai mataki biyu. In yana kunne, wanda ya sace layi ya karɓi lambar rajista zai ci karo da wannan PIN ɗin, kuma sai ya jira kwana 7 kafin ya iya tsallake shi, lokacin da ya ishi mai layi ya dawo da abinsa. Imel ɗin da aka haɗa da PIN ɗin ya zama wanda aka riga aka tsare. Telegram da Signal ma kowanne yana da irin wannan makullin, amma sai mutum ya kunna da kansa.

Akwai ƙanwar satar layi da ba ta buƙatar sabon kati, wato karkatar da kira. Wani zai ce ka danna wata lamba da ta fara da **21* don ka karɓi kyauta ko a gyara maka sabis, ashe umarni ne na tura duk kiranka zuwa wayarsa. Daga nan sai ya nemi a karanto masa lambar tabbatarwa ta kira maimakon tes. Danna *#21# zai nuna ko ana karkatar da kiranka, ##002# kuma yana soke duk wata karkatarwa. Akwatin saƙon murya ma a sauya masa PIN ɗin da ya zo da shi, ko a rufe shi in ba a amfani da shi.

A ɓangaren kamfanin waya, a nemi duk makullin da suke da shi, sunansa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani: PIN na asusu da ake tambaya kafin a yi kowane sauyi, kulle ƙaura da lamba, kulle sauya kati, ko sharaɗin cewa sai mai layi ya zo da kansa. Manhajar kamfanin ta samu kalmar sirrin da ba a yi amfani da ita a wani wuri ba. A tabbata layin da sunan mai shi aka yi rajistarsa, domin wanda ke amfani da layin da ke ɗauke da sunan wani ba shi da bakin magana ranar da rigima ta taso. A Nuwambar 2023 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta amince da dokokin da suka wajabta wa kamfanoni tantance mai nema da hanya mai ƙarfi da kuma sanar da mai layi nan take in aka nemi sauya kati ko ƙaura. Waɗannan makullai suna korar ɓarawon da ke aiki da baki, amma ba a jingina da su gaba ɗaya, tunda ma'aikacin da ya sa su yana iya cire su.

Gyaran da ya fi tasiri ma ba a hannun mai layi yake ba. A Mozambik kamfanonin waya suka buɗe wa bankuna hanyar tambaya kafin su saki kuɗi: an sauya katin wannan lambar kwanan nan? In amsar e ce, sai banki ya dakatar da turawa na ɗan lokaci. Ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, ta sa irin wannan tambayar a cikin tsarin Open Gateway da ta ƙaddamar a 2023. Yana da kyau mutum ya tambayi bankinsa ko yana yin haka. Kafin nan, abin da ke hannunsa shi ne ya rage iyakar kuɗin da za a iya fitarwa a rana zuwa abin da yake buƙata da gaske, ya rufe hada-hadar USSD in ba ya amfani da ita, ya sa a riƙa turo masa sanarwa ta imel ko ta manhaja bayan ta tes. Dalilin na ƙarshen a fili yake, ranar da aka sace layi ɓarawo ne zai riƙa karɓar alat ɗin kuɗin da yake kwashewa.

Wasu kan keɓe layi na musamman don banki, wanda ba a ba kowa lambarsa kuma ba a sa ta a talla ko shafin sada zumunta. Dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi biyu. Layin ya zauna a wayar da ake dubawa kullum, domin wanda aka jefa a durowa zai iya mutuwa mako guda ba a sani ba. Kuma a riƙa amfani da shi jefi-jefi, don kamfanoni suna karɓe layin da ya daɗe a kwance su sayar wa wani. A 2021 masu bincike a Princeton suka gwada lambobi 259 da aka sake fitarwa kasuwa, suka tarar 171 har yanzu suna haɗe da asusun tsofaffin masu su a manyan shafuka. Duk wanda zai bar lamba ya bi asusunsa ɗaya bayan ɗaya ya cire ta tukuna.

In kuma abin ya faru

Gwajin bai wuce minti biyu ba. A kunna yanayin jirgi a kashe, a sake tayar da wayar, a duba ko masu layi irin naka a kusa suna da sabis. A karɓi wayar wani a kira lambarka: in tana ringin a kunne amma wayar hannunka ba ta motsa ba, magana ta ƙare. Sauran alamun su ne saƙon kamfani kan sauyin da ba ka nema ba, lambobin tabbatarwa da ke shigowa ba ka tambaya ba, ko imel da ke cewa an sauya kalmar sirri.

In akwai mutum biyu, ɗaya ya kira kamfanin waya a dakatar da layin, ɗaya ya kira banki a tsayar da fitar kuɗi. In kai kaɗai ne, banki ne farko, don layi yana dawowa ko bayan kwana nawa, kuɗin da aka rarraba zuwa asusu biyar kuwa da wuya. Wannan yana nufin lambobin gaggawa na banki da na kamfani su kasance a rubuce a takarda tun kafin ranar, kuma a kira waɗanda ke bayan katin banki ko shafinsu na ainihi, kada a bi wadda wani ya turo. Sannan a hau Wi-Fi a shiga imel, a sauya kalmar sirri, a danna fitar da duk na'urorin da ke ciki. A sanar da dangi da abokan aiki ta wata hanya cewa kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka.

Da layin ya dawo, a sake rajistar WhatsApp. Da zarar ka sa lambar da aka turo an fitar da wancan, ko da ya riga ya kafa nasa PIN ɗin wanda zai sa ka jira kwana 7. A nemi kamfani ya ba da rana da lokaci da wurin da aka yi sauyin a rubuce, a haɗa da rahoton 'yan sanda, don da su za a tunkari banki. A duba ko an ƙara sabon mai karɓar kuɗi a asusu, ko an ci bashi da sunanka, ko an haɗa wata na'ura da WhatsApp. A cikin imel kuma a buɗe sashen tacewa da tura saƙo gaba a karanta shi layi-layi. Ɓarayi sukan bar umarni a wurin cewa duk saƙon da ya zo daga banki a tura musu kwafi a goge na asali, kuma sauya kalmar sirri ba ya cire wannan umarnin, sai an goge shi da hannu.